Ranar da Tela Ya Sha Naushi

Tela na durƙushe a bayan keken ɗinkinsa, ya ja yadin labule ya rufe sanƙonsa, sai muryar ta sake tasowa daga tagar gidan da ke kallon shagon.

"Bijimi! Na gan ka! Fito mu ƙarasa!"

Mutumin da ya zo awon riga yana tsaye da hannuwa a ware. Ya ce, "Da wa yake?"

"Da ni," in ji Tela daga ƙarƙashin labule. "Ka yi kamar ba kowa a shagon."

Mai kiran nan Guduma ne, tsohon ɗan damben zamani, irin na safar hannu da igiya da ƙararrawa. A zamaninsa ya sha naushi a ka ba adadi, ya faɗi ya tashi, jama'a na tafi. Ashe naushin bai je ko'ina ba. Likita ya ce yana nan cikin ƙwaƙwalwa, yana cin ta a hankali kamar gara. Da fari makulli yake mantawa, sai hanyar gida, sai sunan matarsa. Hannu ya kama rawa, harshe ya yi nauyi. Mutum ɗaya ne ya ƙi fita daga kansa: Bijimi, wani ƙato mai sanƙo da suka yi karon ƙarshe.

Tela kuwa sanƙon kaɗai ya haɗa shi da Bijimi. Mutum ne da in iska ta taso sai ya riƙe ƙofa. Ya gwada sa hula, Guduma ya ce ɓuya yake yi. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka, shi ke rage masa wuyan riga tun da ya soma ramewa, amma yanzu ko shara zai zubar sai ya leƙa tukuna.

Da rana ta yi sanyi matar Guduma ta shigo shagon, ta zauna a kan benci. Duk ta zube, idanunta sun faɗa.

"Tela, maigidan ya ƙi kwanciya."

"Ai tsufa ne, Yaya. Ni ma barcina..."

"Ba ka gane ba. Da bayansa ya taɓa katifa sai ya zabura, wai an kayar da shi, alƙalin wasa na ƙirga masa. A kujerar katako yake kwana, a kusurwar ɗaki, da tawul a wuya. Ƙafafun nan sun kumbura har suna ƙyalli. Likita ya ce kwanakin ba su da yawa." Ta share ido da bakin mayafi. "Ni dai ba na so ya cika a zaune, yana jiran faɗa."

Tausayi ya kama Tela. "To me za a yi?"

"Ya ce ba zai kwanta ba Bijimi na tsaye."

Tela ya waiwaya bayansa, kamar zai ga Bijimin a cikin kayan ɗinki. Sannan maganar ta shige shi.

"Yaya, ki ji tsoron Allah! Haƙoran gaban nan nawa fa biyu na saye ne."

"Sai ka cire su ka ajiye a gida."

Ya buɗe baki zai kawo uzuri, ya ga yadda hannunta ke murza mayafin. Tsoro na daji, kunya na gida. Ya ce to.

Washegari da safe matarsa ta kawo masa shayi, ta tarar da shi yana jefa kansa a kan tarin ƙyallaye, ya tashi ya kakkaɓe, ya sake jefawa.

"Maigida, lafiya?"

"Atisaye nake yi."

"Na me?"

"Na shan kashi."

Ta ajiye kofin. "Wannan ai ba ka bukatar koyo. Ka dai faɗi da kyau, wandon nan ni ke wanke shi."

Da hantsi ya shiga gidan Guduma, har da sallamarsa. An ture tebur gefe, kwalaben magani na jere a kan taga. Ga gado an gyara da farin zanen da ko lanƙwasa babu. A bango hoton wani saurayi ne mai wuya kamar gungume, ya ɗaga hannu sama. A ƙarƙashin hoton tsohon na zaune, matarsa ta sa masa tsofaffin safunan dambensa, fatar duk ta tsattsage. Tela nasa safar ƙafa ce ya cusa wa auduga. Matar ta ɗauki murfin tukunya ta buga da cokali.

Guduma ya dafa bango ya miƙe. Ya daɗe kafin ya tsaya daidai, amma idanunsa sun washe, irin yadda Tela ya daɗe bai gani ba. Ya soma jan ƙafa yana matsowa. Yana ɗaga hannun dama, Tela ya kurma ihu ya zube ƙasa, ya wuntsila ƙafa sama, har da fitar da harshe. Tsakaninsu kuwa mutum zai iya wucewa da keke.

Guduma ya tsaya yana kallonsa.

"Tashi. Ni za ka raina? Ban taɓa ka ba." Ya juya ga matarsa. "Alƙali, ka gani ko? An saye shi."

Matar ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Rabon da Tela ya ga dariyarta har ya manta.

Ya tashi a sanyaye. Ya gane yau babu tsimi babu dabara, sai ya tsaya an doke shi. Ya runtse ido yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa.

"Buɗe ido! Kare haɓarka! Wane sakarai ne ya koya maka dambe?"

Ya buɗe. Ya ga safar na tahowa, tana karkarwa, a hankali, a hankali. Ta sauka a kumatunsa kamar hannun yaron da ke tashin babansa daga barci. Wannan ne naushin da ake tsoro. Tela ya ji da an fasa masa baki da ya fi masa sauƙi. Ya saki jiki ya tafi baya, ya manta da gado. Ƙeyarsa ta bugi ƙafar gadon, ƙwas!

"Wayyo Allah!" Wannan karon ba atisaye a ciki.

Matar ta soma ƙirga da sauri. Tela ya yunƙura zai tashi ya shafa wurin.

"Daina ƙirgan nan!" Guduma ya daka mata tsawa.

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya sa haƙori ya zare safar, ya ɗora tafinsa a kan sanƙon Tela, ya danna shi ƙasa.

"Kada ka tashi. Kanka ya bugu, na ji ƙarar." Numfashinsa na fita da nauyi. "Za su ce tashi, kai namiji ne. Su watsa maka ruwa, su tura ka ciki. Kada ka yarda. Ni na tashi." Ya ƙara danna kan Tela. "Kullum sai na tashi."

"To," in ji Tela da ƙaramar murya.

"Kwanta abinka. Ina nan, ba mai taɓa ka."

Guduma ya gyara, ya kwanta a gefensa don ya tsare shi. Bayansa ya taɓa darduma. Bai zabura ba. Matar ta lallaɓo ta zura masa matashi a ƙarƙashin kai, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Ba a jima ba minshari ya cika ɗakin.

Ƙafar Tela ta yi sanyi ta mutu. Ƙuda ya sauka a hancinsa ya yi yawonsa son rai. Ƙulu ya fito masa a ƙeya, yana zugi. Bai motsa ba. Rana ta bar taga ta koma bango, minsharin ya yi ta raguwa, ya zama numfashi, numfashin ya yi ta nisa da juna. Can Tela ya kasa kunne bai ji na gaba ba.

Matar ta matso ta sa kunne a ƙirjin mijinta. Ta daɗe a haka. Ta ɗago ta yi salati a hankali, ta shafa masa ido, ta zare masa ɗaya safar.

"Tela, tashi. Ya cika."

Hawaye na gangara masa cikin kunne. "Bari tukuna, Yaya. Ya ce kada in tashi."

Ta jawo farin zanen daga kan gado ta rufa wa mijinta har ƙirji, gefen zanen ya rufe ƙafafun Tela. Hannun na nan a kansa, da sauran ɗuminsa.