Falken da Na Hana Mutuwa

Idan mutum ya yi wa makaho ƙarya don ya ga ya yi dariya, sadaka ya yi ko sata? Shekara biyu ina juya tambayar nan, a gona da kan hanyar masallaci, ban sami inda zan ajiye ta ba.

Ciwon suga ne ya cinye wa yayana Sama'ilu ido. Kafin nan noman rani yake yi a bakin dam ɗin Bagwai, mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Da idon ya tafi sai ya koma zaure, ba ya magana sai an tambaye shi. Ni kuwa ban yi boko ba. A jikin buhunan taki da allunan shaguna na koyi haɗa baƙi, har na iya karatu a hankali, ina bi da yatsa. Wata ranar kasuwa na ga wani tsohon littafi marar bango a gaban mai ƙosai, tana shirin yage shi ta naɗe wa mutane, na roƙe ta ta ba ni. Labarin wani falke ne mai suna Tahir. Na fara karanta wa Yaya duk Juma'a bayan la'asar.

Shafi sittin da biyu ne littafin. A na arba'in da ɗaya zazzaɓi ya kayar da Tahir a wani zango, abokan tafiyarsa suka raba jakunansa suka wuce, ya mutu shi kaɗai. Sauran shafukan rigimar magada ce. Ranar da yatsana ya iso wurin zazzaɓin, sai na ga Yaya ya miƙe zaune yana dukan gwiwa.

"Zai tashi," ya ce. "Irin wannan ba ya kwanciya."

Sai na ji bakina ya ce ya tashi.

Tun daga ranar nake buɗe littafin ina kallon takarda, ina faɗin abin da ba ya ciki. Na kai Tahir garuruwan da na ji a rediyo. Na aurar da shi sau biyu, na sa ɓarayi sun tare shi sau uku. Ni da ban taɓa wuce Katsina ba, garuruwa suka ƙare mini, har na koma satar labaran da Yaya ya ba ni da kansa lokacin yana da ido, ina sauya musu suna. Duk ranar Alhamis kaina yakan yi nauyi kamar na kwana ɗaukar dami.

Bana bayan an gama sussukar dawa, 'yata Rumaisa ta zo hutu daga makarantar koyon jinya. Juma'ar farko ta tsaya a ƙofar zaure tana saurare.

"Baba, kawo in taya ka. Muryarka ta dishe."

"Ba a shiga tsakiyar karatun manya," na ce, na tura littafin cikin aljihu.

"To Malam," ta ce tana dariya, "Allah ya ƙara basira."

Ita ce ta kawo shawarar a fitar da Baffanta ya sha iska, domin ta ga ƙafafunsa sun fara kumbura, ta ce zaman zaure ba zai bar shi ba. Da aka tambaye shi inda yake so, bai yi tunani ba ya ce bakin ruwa. Muka ɗauki shatar adaidaita sahu, mahaifiyarta ta cika mana kwano da dambun zogale, muka sayi rake a hanya. Hanyar duk rami ce. Sau biyu muka sauka muka tura, Yaya yana ciki yana yi wa direba tsiya wai jakinsa na da ya fi wannan gwangwani sanin hanya.

Mun isa rana ta take. Muka shimfiɗa tabarma a gindin wata tsamiya, ni dai ba abin da nake so sai barci. Yaya ya sa Rumaisa ta kama hannunsa har bakin ruwa, ya tsoma ƙafa, ya daɗe a tsaye. Yana jin ƙarar injin ban ruwa daga nesa ya ce mai shi bai iya ba, iska yake ja. Da suka dawo ya ci dambu loma uku ya ture. Rumaisa ta hana shi rake, ya ce ita da likitocinta duk 'yan baƙin ciki ne.

"Hashimu," Yaya ya ce da ni, "ka zo da mutumin namu?"

Na zo da shi. Na buɗe, na ɗora yatsa, na soma kai Tahir wani gari da ban riga na raɗa wa suna ba. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Dakata. Tun bara kake cewa saura kaɗan."

"Saura kaɗan ne, Yaya."

"Ni ma saura kaɗan ne." Ya shafa ƙafarsa. "Yarinyar nan ba ta faɗa mini ba, amma na ji yadda take danna ƙafar nan tana yin shiru. Ba na so in tafi in bar bawan Allah a kan hanya ban san inda ya sauka ba. Kai karatunka kamar tafiyar amalanke. Ba ta littafin ta ƙarasa mana yau."

"Hayaniya ta yi yawa a nan. A bari sai mun koma gida."

"Wace hayaniya? Tsuntsaye?"

Na dubi Rumaisa. Tana zaune a gefena, na kuwa lura tun ɗazu idonta yana kan shafin da yatsana yake, ta ga abin da ke rubuce ba shi nake faɗa ba. Ta kawar da kai tana kallon ruwa.

Zan iya gamawa a ranar. In mayar da Tahir gida da jakuna arba'in, ya tsufa cikin jikoki, in rufe littafi, Yaya ya yi hamdala. Kalmomin ma sun riga sun zo bakina. Amma mutumin nan bai roƙe ni daɗi ba, inda falken ya sauka ya tambaya. Shekara biyu ina zaɓar masa abin da zai ji, don na san ba shi da idon da zai duba, kuma ban taɓa tambayarsa ko ya yarda ba. Wataƙila in ya ji gaskiya ya koma shirunsa na zaure, ya ƙi sake sauraren muryata. Wannan ma na auna shi, na ga ba zan iya hana shi ba.

"Yaya," na ce, "akwai wurin da na karanta maka ba daidai ba. Da nisa a baya."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "Da nisa kamar ina?"

"Tun zazzaɓin nan na zango."

Injin can ya mutu, aka sake tayar da shi. Sannan Yaya ya gyara zama, ya jingina da tsamiya.

"To a koma can."

Na miƙa wa Rumaisa littafin. Ta karɓa da hannu biyu.

"Daga ina, Baba?"

"Arba'in da ɗaya," na ce. "Kada ki tsallake komai."