Ƙarar Lamba Biyu

Dzarma ya tsoma yatsa cikin man da ya tsiyayo daga giyabos, ya ɗago shi saitin rana. Garin ƙarfe na ta ƙyalli a jiki.

"Malam Babagana, ka ga haƙoran giyarka nan, sun zama gari. Kai da kake koya wa mutane tuƙi, yaya aka yi haka?"

"Ba hannuna ba ne. Hannun Imran ne."

Bakaniken ya goge yatsa a wando. Ai ya san Imran. Duk unguwar Gwange wa bai san ƙanin Babagana da jar motarsa mai ƙofa biyu ba, wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa? Yaron bai taɓa sa giya kamar ɗan mutunci ba. Kafin ƙafarsa ta gama taka kuloci, hannu ya riga ya cusa, mota ta yi ƙara kamar ana yanka ta, shi kuwa yana dariya. Babagana ya yi faɗa har bakinsa ya gaji. Kowa ya ce motar nan ce ajalinsa. Sai ga shi zazzaɓi ne ya ɗauke shi bayan ambaliya, motar na ajiye a ƙofar gida, ko ƙwarzane babu.

Ta dawo hannun Babagana, da ciwonta. Lamba biyu ta riga ta cinye. Komai lallaɓawarsa, in ya zo kwanar layinsu ya sauko daga uku, sai ta yi wannan ƙarar: ƙarrr! Mahaifiyarsu Hajja, wadda ciwon suga ya tafi da idanunta, tana ji daga tsakar gida sai ta ce da matarsa, "Rahmat, ɗora shayi, ga shi nan." Haka take faɗa tun Imran na da rai, ba ta kuma sake ko kalma ɗaya ba.

Ba ruɗewa ta yi ba. Ta san wanda aka binne. Ran nan da ya ce zai kai motar gyara, cewa ta yi, "Na san kai ne, Babagana. Amma daga kwana zuwa ƙofa, ka bar ni da shi." Ko zuwa wankin ƙoda ba ta yarda a kai ta a motar makarantarsa. Sai dai a naɗe ta a cusa cikin wannan, tana nishi tana cewa kujerar ta fi daɗi.

Jiya kuwa, a kan gada, giya ta fita ta ƙi komawa. Hajja na gefensa ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama, masu keke napep na ta zagi a baya. Sai da mutane suka tura. Kafin su isa asibiti har an ba wani gadonta, ta wuni a benci tana jira. Da ya ga yadda kanta ke langaɓewa, tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar jana'iza. Yau da safe ya ce mata zai kai motar a duba mai. Ƙarya ce.

"Na samo maka wani giyabos wajen wani Inyamiri," in ji Dzarma. "Amma ka ji ni da kyau. Irin motar nan babu ita a Maiduguri, wannan ma ƙura na kakkaɓe masa. In ya tafi, sai dai ka zuba kaji a cikinta. Ka riƙe shi kamar ƙwai."

"Ɗaura shi."

La'asar ta yi sanyi kafin a gama. Babagana ya hau titi, giya na shiga sumul, ɗaya, biyu, uku, ba gardama. Abin da ya yi shekaru yana koya wa ɗalibai ke nan: taka har ƙasa, sa a hankali, saki a hankali. Ya kamata ya ji daɗi. Sai ya ji kamar ya shiga ɗakin da aka kwashe kayan ciki.

A kwanar layinsu ya sauko lamba biyu. Shiru.

Ya tarar da Hajja a kan tabarma, fuskarta na kallon ƙofa, kai a ɗan karkace. Da ya yi sallama sai ta zabura.

"Wane ne?"

"Ni ne, Ya Hajja. Wushe, sannu da gida."

"Ban ji ka ba. Da ƙafa ka zo?"

Ya durƙusa kusa da ita. "An gyara motar. Kin ga abin da ya faru jiya. Ba zan iya ba, wallahi ba zan iya sake ganin haka ba."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"To. Ka kyauta. Allah ya yi albarka." Ta lalubo filo, ta kwanta, ta juya wa ƙofar baya. "Gara haka."

Rahmat na tsaye bakin kicin da buta a hannu, ba ta san ko ta ɗora ba ko ta ajiye.

Babagana ya fita. Ya zauna cikin motar, kansa bisa sitiyari. Gobe ma akwai asibiti, da jibi, da duk ranakun da suka rage mata. Maganar Dzarma na nan a kunnensa. Ya tayar, ya sa ribas, ya koma har bakin titi, ya zagayo.

Da ya zo kwana, ya taka kuloci rabi, ya runtse ido, ya cusa da dukan ƙarfinsa.

Ƙarrr!

Har cikin haƙoransa ya ji ta. Ya gangara ƙofar gida ya kashe inji. Ta saman katanga muryar Hajja ta fito.

"Rahmat, ɗora shayi."