Riɗin Majami'a

Ranar Alhamis ce, ƙarshen Oktoba, ana wani zafi mai nauyi wanda ba a saba ji ba bayan damina ta yi sallama. A ranar aka aiki Yunusu kasuwar Doka ya ɗauko tamfol biyu. Riɗin gonar majami'a ya kwana goma a tsaye, tsibi arba'in, kwansonsa ya fara buɗe baki. Abin da ya rage kawai a kifa dammunan a kan tamfol a kakkaɓe. Shi aka ba amanar aikin, don ya yi wata bakwai bai sa giyar araƙi a bakinsa ba. 'Yan majami'ar kuwa, waɗanda yawancinsu yaƙi ne ya koro su daga birnin Madani, da wannan riɗin za su ci har wata damina.

Ya karɓi tamfol ɗin. A hanyar tasha ya jiyo warin giyar daga bayan wani danga. Ya ce wa kansa kofi ɗaya.

Ranar Juma'a da la'asar aka yi ruwa da iska. Bai ma san an yi ba.

Sai Talata ya isa gonar, takalmi ƙafa ɗaya, babu tamfol. Yawancin tsibin suna kwance. A ƙarƙashinsu baƙar ƙasar ta yi kore shar: riɗin da ya zube cikin tsagogin ƙasa ya sha ruwa ya tsiro. Tsiro mai kyau, wanda rana za ta ƙone kafin mako.

Yunusu bai taɓa komai ba. Ya juya ya koma bakin hanya, inda babbar motar wani direba, Sami, ke kwasar leburori zuwa gonakin Fashaga.

"Ya zol, bawan Allah, ka hau ko ka matsa," in ji Sami daga taga. "Warin da kake yi ma zai iya tayar mini da inji."

Yunusu ya ɗora ƙafa a kan taya ke nan, sai ya ji an riƙe masa riga. Inna Hannatu ce, tsohuwar da ke share majami'a, wadda ita ce ta tsaya masa ran da aka ba shi aikin. Tana ɗauke da tsintsiya biyu da rariya.

"Sauko."

"Inna, sake ni. Da wane ido zan kalli mutane?"

"Da waɗannan jajayen. Kana da wasu ne?"

Leburorin da ke saman motar suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

"Na sha, Inna. Tamfol ɗin ma can na bar su. Na yi wa Ubangiji alkawari a gaban kowa, ga abin da na yi."

"Na sani. Ni ma ban yi barci ba saboda haushinka. Jikokina abin da za su ci ke nan a ƙasa." Ta numfasa. "Amma Bitrus sau uku ya ce bai san Yesu ba. Da ya gama kukansa, aka kore shi? Aiki aka ƙara masa. Faɗuwar ka riga ka yi ta, ɗana. Gudun ne ba ka yi ba tukuna."

"In na sake sha fa?"

"Sai na sake zuwa. Ka tausaya wa gwiwoyina."

Sami ya danna ham. "Hajja, za ki ba ni fasinjana ko kuwa?"

"Ba fasinjanka ba ne. Tafi."

Motar ta tashi. Yunusu ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya karɓi tsintsiya ɗaya.

Suka yini a durƙushe. Tsibi goma sha ɗaya ne iska ta bari a tsaye. Suka kakkaɓe su a kan mayafinta. Sauran suka share ƙarƙashinsu, suna tankaɗe ƙasa, suna tsince abin da bai tsiro ba. Sau biyu rariyar ta kuɓuce masa. Duk sau biyun Inna ta miƙa masa ita.

"Ran Lahadi za ka tashi a majami'a ka faɗa da bakinka," ta ce da yamma. "Wurinka a benci yana nan. Ba wanda ya zauna."

Ya gyaɗa kai.

Kafin rana ta faɗi suka ƙidaya. Tsibi ashirin da tara sun tafi. Buhu shida ake sa rai, an sami ɗaya da rabi. Tamfol biyu. Takalmi ƙafa ɗaya. Wata bakwai.