Ridwanu Ba Ya Gama Wasa

…to ya goge, sai me? Wayarsa ce, yatsansa ne. Ridwanu yana kwance ƙarƙashin rumfar gidansa a Agiye, ƙafar hagu miƙe a kan buhun ƙaiƙayi, ɗaure da kara da tsumma tun daga gwiwa har idon sawu, yana kallon gurbin da wasan ya bari a fuskar wayar. Wasan mai takobi. Ya kai ƙofar ƙarshe, baƙar ƙofa mai kan zaki, sarkin dodanni yana bayanta yana jira. To ya yi ta jira. Wa ya yi masa alkawari?

Amma Ɗanlami da safe, sai ka ce an yi masa mutuwa. Ɗanlami abokin kabu-kabunsa, wanda ya zuba masa wasannin nan tun ranar da aka kwantar da shi, wai don kada zaman ya haukata shi. Ko hular kwanon bai cire ba ya tsaya a kansa.

"Ka goge? Kai lafiya kake kuwa? Duk 'yan tasha jira muke ka faɗa muna abin da ke bayan ƙofar nan!"

Ku buɗe da kanku. Kowa da wayarsa. Shi ya san abin da ke bayanta, ba sai ya leƙa ba — wani ƙato ne da zai kashe ka, ka tashi, ya sake kashe ka, ka tashi, har rana ta faɗi, har wuyanka ya ƙage, sannan idan wanda ya ƙera abin ya ga ka wahala yadda yake so, sai ya bari ka ci. Ya bari. Wani can a wata ƙasa, cikin ɗaki mai sanyi, wanda bai san ma akwai wani gari Agiye ba, shi zai yanke ranar da Ridwanu zai yi nasara? A'a. Ya dai bi shi iya inda ya ji daɗi. Daga nan kowa ya kama gabansa.

Wasan gonar ya fara bari. Gona wai! Ka taɓa ƙasa da yatsa shuka ta fito, ka sake taɓawa ta nuna. Ba a duban gabas, ba a roƙon ruwa, babu fara, babu ƙuduji, shanu ma murmushi suke. Da Baba yana da rai ya ga wannan… Baba da hauya ta cinye masa tafin hannu har ba ya iya dunƙule shi. Hatsinsa na gaskiya kuwa yana can hanyar Gangara a tsaye, ya nuna, tsuntsaye suna biki, sai surukansa sun gama nasu sannan su taimaka. Shi kuma yana nan yana shayar da kabewar ƙarya da ɗan yatsa? Goge.

Na tseren moto ko yini bai yi ba. Ka daki bango da gudu, moto ya tarwatse, sai ga ka tsaye garau, ko ƙujewa babu. Wanda ya ƙera wannan bai taɓa jin ƙarar ƙashi ba. Ƙas. Ba ta da ƙarfi ma, kamar an taka busasshen karan dawa — rana tsaka, ya sauke fasinja a Gazawa yana dawowa shi kaɗai, amalanken jaki ya faso titi daga cikin gona ba sallama, buhunan aya maƙil, jakin ya tsaya cak a tsakiya yana kallonsa. Ya kauce. Wallahi ya kauce, da wani ne da jakin da mai jakin duk an kwashe su. Sai yashi. Sai sama a ƙasa. Tayar gaba tana ta juyawa ita kaɗai, aya tana gangarawa a titi kamar tsakuwa, mai amalanken yana ta salati, shi kuma yana kallon wani farin abu da ya leƙo ta wandonsa yana tambayar kansa, wannan kuma na wane ne…

Taɓarya ta yi shiru a bayan danga. Kadi ta daina daka. Sauraro take, ya sani. Tun kwanakin nan haka matarsa take, ta yi daka ta tsaya, ta ji ko yana numfashi. Yana yi. Ga shi ma ya yi tari don ta ji. Taɓarya ta ci gaba.

"Kai dama haka kake tun muna lakol. Ba ka kai komai ƙarshe."

Wannan ce ta tsaya masa a wuya. Ba ta wasan ba. Ɗanlami ya faɗe ta da safe yana kallon ƙafar, ba fuskarsa ba.

Lakol? Boko dai? I, ya bari, shekarar jarrabawa ma kuwa. Mushe, malaminsu, ya biyo shi har gida yana ba Baba haƙuri kamar shi ya yi laifin. To waɗanda suka gama fa, suna ina? Ga su can a fada, majalisar samari, ƙarƙashin dogon yaro suna dafa shayi, shi yake kai su neman aiki ya dawo da su. Ɗinki a Maraɗi? Ya bari. Maigidan ya ajiye shi a kan guga da sa maɓalli, damina ta zo ta wuce, wata ta zo, keken ɗinki sai dai ya share masa ƙura. Ya zauna har furfura yana jiran a ce masa zauna ka taka? Shi abin da mutane ba su gane ba — yana hango ƙarshen abu tun daga nesa. Baiwa ce. Mai moto ne, idonsa ba ya kan tayar gaba, yana can inda hanya ta karya. Idan ka riga ka ga inda za ta kai ka, kuma ba can za ka ba, mene ne na ƙarasawa? Don a ce ka ƙarasa?

Ba ya kai komai ƙarshe… A je tasha a tambaya. A tambaya ko ya taɓa sauke fasinja a rabin hanya. Ko sau ɗaya. Tsohuwar nan Gogo ta rugar bayan Gangara, ranar da maciji ya sari jikarta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙorama ta cika, duk 'yan kabu-kabu suka laɓe a rumfar mai shayi — har da Ɗanlami, har da shi mai bakin nan — wa ya ɗaure yarinyar a bayansa da rawani, tsohuwar tana riƙe da ita tana ta addu'a da Fulatanci a kunnensa? Wa ya tura moto cikin ruwa har ƙugu? Ya kai su ƙofar likita ko bai kai ba? Yarinyar tana nan, har nono take kawowa kasuwa. Wannan ba ƙarshe ba ne? Abin da ya cancanci a gama, yana gamawa. Shi ke zaɓa. Shi.

Turare kuma. Kadi ta turo kasko ta gefen rumfar ta koma. Turaren wuta da rana tsaka, ba baƙi, ba biki. Tana tsammanin bai gane ba. Man shanu ne da mai ɗori yake shafawa, shi ke wari idan ya kwana cikin tsumma, kowa ya san haka. Kuma zafi ake. Kuma ta kai Safina gidan innarta, wai yarinya tana damunsa da hawa jiki. Yaushe ya ce ta dame shi?

Farin silin. Fanka mai kuka. Asibitin Maraɗi, da likitan nan matashi mai tabarau ya ɗaga hoton ƙashin wajen taga yana nuna masa da biro. Mutumin kirki, ba ya tsawa. "Ya karye wuri biyu, kuma ciwon a buɗe yake. Sai an yi aiki. Za mu sa ka barci, mu buɗe mu gani."

Mu gani.

Su gani, shi yana barci. Su yi shawara a kansa kamar mahauta a kan bijimi, shi ko uffan. Gadon da ke kusa da nasa — dattijon nan manomi na wajen Tibiri, wanda aka shiga da shi da ƙafa biyu. Zanen ya kwanta shafe a inda ya kamata ya yi tudu. Yana ta roƙon matarsa ta sosa masa tafin ƙafa, ita kuma tana sosa katifa tana kuka ba sauti, shi yana cewa yauwa, nan, ƙasa kaɗan… Ai ya hango. Tun daga nesa ya hango. Ɗan kabu-kabu da ƙafa ɗaya, da me zai sa giya? Gari na wayewa ya ce Ɗanlami ɗauke ni. Ɗanlami ya ce ka yi haƙuri. Ya ce ɗauke ni ko in ja ciki har bakin titi. Ya goya shi kamar jariri har cikin mota, likitan ya biyo su da sauri, rigarsa tana tashi: "Malam, ba a gama ba fa!"

Ba a gama ba. Mushe, ba a gama ba. Mai keken ɗinki, ba a gama ba. Waya ma, ka danna fita sai ta tambaye ka, ka tabbata? Ya tabbata! Duniya duk ta cika da masu riƙe wa mutum riga.

Malam Usmanu mai ɗori bai riƙe masa riga ba. Ya ja, ya daidaita, ya yi tofi, ya ɗaure, ya ce da yardar Allah kafin a gama sussuka za ka taka. Haka ake magana. Ya ɗora ƙasusuwan rabin garin nan. Sai dai zuwansa na ƙarshe… ya kwance tsumman, ya daɗe yana kallo. Ya daɗe. Ya maida ya ɗaure sako-sako, bai shafa komai ba. Furar da Kadi ta dama masa ko taɓawa bai yi ba. A bakin zaure ya tsaya da ita yana magana ƙasa-ƙasa. Tsufa ne. Tsofaffi haka suke, komai sai sun sa masa nauyi.

"Bayan la'asar zan zo da mota. Ni na hiddo ka, ni zan maida ka, ko kana zagina har Maraɗi."

Haka Ɗanlami ya ce da zai tafi. Ya zo mana. Ya zo da jandarma ma idan ya so. Ƙafar wa? Yau Ɗanlami ne mai hankali, Ɗanlami da ke zama har wuyansa ya sanƙare don ya ga an rubuta masa ya ci, a kaɗa masa ɗan kiɗa, sunayen baƙi su yi ta hawa sama, shi ke nan, allo ya yi baƙi ya bar shi da fuskarsa. Wannan ne abin da ake ta hanƙoro a kai? Gara ka fita da ƙafarka tun kana — da ƙafarka…

Saura wasa ɗaya a wayar. Na 'ya'yan itace, ka jera masu kama uku su fashe, wasu su zubo. Wannan an ce ba shi ma da ƙarshe, su kansu masu yin sa ba su gama ba, kullum ƙara masa suke. To ka ji 'yan'uwansa. Ya buɗe. Lemo, lemo, lemo. Launukan suna narkewa cikin juna, yatsansa yana zamewa, gumi ne, gumi mai sanyi a wannan rana, haƙoransa suna son haɗuwa. Zazzaɓin kaka ne, yana yawo a gari. Ai sauƙi ma ya samu. Tun jiya ƙafar ta daina zugi, ya yi barci har da mafarki, da can kuwa ko ƙuda ya gifta sai ya ji har cikin kwanya. Ciwo ya lafa, ba shi ne warkewa ba? Su je su gaya wa mai tabarau. Su gaya masa Ridwanu ya —

Kiran sallah daga masallacin kasuwa. Har la'asar ta yi? Yaushe…

"Baban Safina."

Kadi ce. Bai ga zuwanta ba. Tana durƙushe can wajen ƙafafunsa, gari a goshinta, a hannunta har gwiwa. Ba zai kalle ta ba, ya san kallon da za ta yi masa. Lemo, lemo…

"Baban Safina. Mi kake ji?"

Me zai ji? Lafiya lau. Zai ce mata lafiya lau, ta tashi ta ƙarasa dakanta, ita da take son ƙarasa abu. Ya kawar da wayar daga fuskarsa don ya faɗa mata.

Hannunta yana kan ƙafarsa. Babban yatsan take riƙe da shi, ta nutsa farcenta a ciki da dukan ƙarfinta, har jijiyar wuyanta ta tashi. Yatsan baƙi ne, ba baƙinsa ba. Tun yaushe take… tun yaushe take matsawa?

Yana kallo. Yana jira zafin ya iso. Hanya ce mai nisa daga can zuwa nan, zai iso, a ba shi lokaci…

A ƙofar gida mota ta tsaya, ba a kashe injin ba. Kadi ba ta saki ba. Shi kuma bakinsa a buɗe, lafiya lau ɗin tana kan harshensa, ta ƙi fita, ta ƙi komawa.