Bishiyar Lemun Pawlina

Shekara arba'in da ɗaya Salvu Mifsud ya yi a gidansa na unguwar Sunshine, kuma babu gwanjon gidan da aka yi a layinsu da bai halarta ba. Ya san yadda abin yake. A kafa ƙaton allo a ƙofar gida da hoton ɗakin kwananka a jiki. Asabar huɗu a jere a buɗe ƙofa, maƙwabtan da ko tsintsiya ba su da niyyar saye su shigo suna leƙa kabad. Shi kansa ya leƙa na mutane da yawa. Asabar ta ƙarshe mai gwanjo ya tsaya a bakin titi yana kaɗa ƙararrawa, wanda ya fi jimirin ɗaga hannu ya tafi da gida. Yawanci kuwa magini ne. Bayan wata uku sai ka ga katafila, an jera gidaje uku a inda ɗaya yake.

Yanzu gwiwoyinsa sun gaji, 'yarsa ta gyara masa ɗaki a bayan gidanta a garin Werribee. Ginin bai dame shi ba. Damuwarsa ita ce bishiyar lemun tsamin da marigayiya matarsa, Pawlina, ta dasa a bayan gida shekarar da suka tare. Bai yarda katafila ta taɓa ta ba.

Trent, dillalin gidaje, ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

"Mista Mifsud, gwanjo ya fi maka. Jama'a su taru, su yi ta gasa, farashi ya hau."

"A gwanjo ni ke zaɓen mai saye?"

"A'a. Wanda ya fi tayi."

"To ni zan zaɓa. Ba allo, ba hoto, ba ƙararrawa. Ka riƙa kawo su ɗaya-ɗaya a ranar aiki, kuma kada ka ajiye motarka a ƙofata."

Salvu ya shiga sirri da gaske. Da farko ya shafa wa shingensa fenti. Makon da ƙaramar hukuma ke kwashe tarkacen gida ya zo, ya fito da gangunan giyarsa, da kwalaben matse tumatir, da tsohon keken ɗinki, ya jera a bakin titi inda kowa ke tsayawa ya tsinci abin da ya yi masa.

Maƙwabcinsa Blagoja, wanda suka shekara talatin suna zagin juna ta kan shinge, ya leƙo.

"Kai tsoho, lafiya? Shingen nan rabonsa da fenti tun Vesna tana rarrafe."

Vesna 'yar Blagoja ce. Ta girma tana tsallake wannan shingen, tana cika siket da lemu.

"Ina ruwanka? Na gaji da kallon fuskarka, na nemi abin kallo."

"Su waye suka zo jiya?"

"Masu duba gara."

"Masu duba gara mata da miji, har da kare?"

"Karen ne ke shinshinowa."

Blagoja ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce fentin ya yi kyau, ya koma. Salvu ya ji daɗin wayonsa.

Ya tace masu saye kamar mai zaɓen suruki. Wani ya shigo bai gaisa ba, ya kama auna faɗin fili da taku. Salvu ya nuna masa ƙofa. Wata ta tambayi ko saiwar bishiyar na taɓa bututu. Ita ma ta bi bayansa. Sai ga Lachlan da Prue, matasa masu ladabi. Prue ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta shinshina, ta ce kakarta na da irinta.

"Kina son ta?" in ji Salvu.

"Wa zai ƙi ta?"

Ranar Alhamis ya sa hannu a takardar sayar musu da gidan.

Washegari ya cika jaka da lemu ya zagaya gidan Blagoja ta ƙofa, abin da bai saba yi ba. Ya gyara murya ya ce yana da magana mai nauyi: zai bar layin.

"Ai duk layi ya sani," in ji Blagoja, yana zuba masa kofi. "Tun ranar fenti. Yaushe za a kafa allo? Vesna kullum sai ta bugo waya."

"Me ya haɗa Vesna da allo?"

"Gidan take so mana. Ta je banki, sun amince mata da bashi tun wata biyu. Ta hana mijinta kallon kowane gida. Har gwajin ɗaga hannu take yi a nan tsakar gida, ni ina mai gwanjo. Ta ce yaranta su tashi a ƙarƙashin bishiyar Anti Pawlina."

Salvu ya ajiye kofin a hankali.

"Babu allo. Na sayar jiya."

Blagoja ya ajiye butar kofin. Can Salvu ya ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kai ka ce gara ce! Dattijo ya ce gara ce, sai in ce masa ƙarya yake? Muka ce kunya kake ji, a ƙyale ka har allo ya fito. Wa ke sayar da gida ba allo?"

Kwana goma kafin a miƙa makulli, Lachlan da Prue suka zo dubawar ƙarshe tare da wani mai igiyar awo. Ya buga turaku huɗu a bayan gida. Bishiyar tana tsakiya.

"Nan za mu haƙa wurin ninƙaya," Prue ta yi bayani da fara'a. "Nan ne kaɗai rana ke samu. Amma kada ka damu, Mista Mifsud, sai mun tsinke lemun tas mun kai maka har Werribee."

Salvu ya kira Trent. Trent ya tuna masa cikin girmamawa cewa tambayarta ya yi ko tana son bishiyar, ta kuma amsa da gaskiya. Sauran ba ya cikin takarda.

Da yamma yana zaune yana kallon turakun, sai Blagoja ya ƙwanƙwasa shinge.

"Zagayo, tsoho."

Ya kai shi bayan gareji, wani lungun da ba a hangowa daga gidan Salvu. Ga bishiyar lemun tsami nan, ta kai rufi tsawo. Salvu ya murza ganye ya shinshina. Bai buƙaci a gaya masa ba.

"Shekarar da ka je ƙasarku Malta," in ji Blagoja. "Na roƙe ka reshe ɗaya in yi wa tawa aure, ka ce hannuna ba shi da albarka. To na yanka da kaina."

"Ɓarawo."

"Pawlina ce ta riƙe mini tsani."

Salvu ya tsinki lemu, ya fasa da haƙori, ya tsotsa, ya yatsine fuska.

"Bai kai nata ba."

"To ina za ta kai? Ba ta samun irin ban-ruwan fitsarin da kake yi wa taka kowace safiya, kana zaton ba wanda ke gani."

Salvu bai kula shi ba. Ya shafa gindin bishiyar, ya tarar da tabon inda aka haɗa reshen, ya daɗe yana dubansa.

"Auren nan yana da wuya?"

"Ga mai hannu da albarka? A'a."

"Ɗauko almakashinka," in ji Salvu. "Reshe biyu. Ɗaya Werribee, ɗaya na Vesna, duk inda ta samu gida. Yi sauri, kwana goma ya rage bishiyar tawa ce."