Ramin Gafiya

Ranar da kasuwar audugar ƙauyensu ta ƙone, Rahab ta riga ta daka yaji. Da safe mijinta Jibo, mai gadin kasuwar, ya ce mata ya ga ramin gafiya a gindin tarin buhuna, yau sai miyar nama. Ya ɗauki fartanya da ashana da ɗan damin kara na turara ramin, ya fita yana fito, shi da ya fi kowa sanin auduga da wuta ba sa ga-maciji. Kafin azahar ana hango hayaƙi daga hanyar Malumfashi. Jibo bai fito da rai ba.

Lokacin yaƙin basasa ne, labari kuwa ba ya kwana. Bayan an binne shi sai ga wani jami'i cikin kaki. Ya zagaya tokar, ya tsaya a bakin ramin da Jibo ya faɗaɗa da fartanya, ya ce nan bam ɗin 'yan tawaye ya faɗa. Manoman da suka ci gafiya tun suna yawo ba wando suka leƙa, suka dubi juna, kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Da yamma rediyo ta faɗa, har da sunan Jibo, wai ya mutu yana kare dukiyar ƙasa. Aka ce masu jini a jika su je Funtua, ana ɗaukar soja.

Luka, ɗansu tilo, ya fara ɗaure kayansa. Rahab ta ji tsoron da ba ta ji ba ko a bakin kabari.

"Luka, wa ya ji ƙarar jirgi ran nan? Wa ya ji fashewa?"

"Mama, rediyo ta faɗa."

"Rediyo ce ta daka yaji? Babanka gafiya ya je turarawa. Da bakinsa ya gaya mini."

Yaron ya dube ta kamar ta tsinka masa mari.

"Duk ƙasa ta ji sunan Baba jarumi ne, ke kuma kina so a ce kwaɗayi ya kashe shi?"

Ta je wurin mai unguwa ko zai ja wa Luka kunne. Tsohon ya rage murya.

"Rahab, idan bam ne, asarar ta gwamnati ce. Idan mijinki ne, audugar gari guda ce a wuyanku. Ki bar kaza cikin gashinta."

Ba ta bari ba. Ranar tafiya ta bi Luka har Funtua, ta riƙe ƙarfen motar soja tana faɗa da ƙarfi, kowa na ji, cewa ba bam ba ne, gafiya ce. Samarin da ke cikin motar suka fashe da dariya. Wani ya ce baƙin ciki ya taɓa tsohuwa. Luka ya sunkuyar da kai don kunya, ya sa hannu ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, bai yi mata sallama ba.

Ta dawo da la'asar, ta biyo ta kufan kasuwar. A bakin ramin an kafa allo mai sunan Jibo. A gindin allon kuwa ga sabuwar ƙasa da aka turo daga ciki, da sawun gafiya a kan toka.