Otal ɗin da Wening Ta Zaɓa

Duk wanda ya zauna a Jakarta ya san abin da ke faruwa idan azumi ya zo ƙarshe. Masu raino, masu girki, direbobi, kowa ya ɗaure kwalinsa ya nufi garinsu yin sallah, a bar masu kuɗi cikin gidajen da ba su san ko inda ake ajiye ashana ba. Sai su ma su kwashi 'ya'yansu su tare a manyan otal-otal na cikin gari, ana yi musu shara da girki har 'yan aiki su dawo. Gidan Danu ma haka suke yi, kuma matarsa Wening ce ke zaɓar otal kowace shekara.

Wening 'yar garin Solo ce, kuma tun da ta yi aure ba ta yi sallah a gidansu ba ko sau ɗaya. Kullum Danu, da ke kiranta Dik, wato ƙanwa, ya ce, "Dik, hanya ta cika, yara za su wahala. Baɗi ma je." Ƙarya yake. Manyan kamfaninsu ne ke buɗe gida ga baƙi ranar sallah, shi kuwa yana so a gan shi a kowane falo da matarsa a gefensa.

Bara mahaifinta ya kira ta da kansa, murya duk ta shige ciki, ya ce yana so ya gan ta. A Solo, ranar sallah ɗa yakan durƙusa gaban iyayensa, ya kifa goshi a kan gwiwarsu ya roƙi gafara, kuma tsohon yana jin wannan ce sallarsa ta ƙarshe. Wening ta yi kuka, ta roƙi Danu ko ita kaɗai ya bar ta ta je. Ya ce, "Masu raino sun tafi, wa zai riƙe yara?" Bayan sallah da 'yan kwanaki tsohon ya rasu. Ko gawarsa ba ta riska ba, ƙasa ta tarar.

Abin haushin, shi wannan Danu da ya ce ba mai riƙe yara, shi ne ta ji yana gaya wa abokansa a falo, wata biyu bayan rasuwar, "Wening? Hutu take tun da na aure ta. Raino ai ba aiki ba ne, ni da hannu ɗaya zan yi shi." Suka kwashe da dariya. Ita kuwa tana riƙe da faranti a bakin ƙofa, ta rantse a ranta cewa sallar bana a gwiwar uwarta za ta yi ta, kuma sai Danu ya ɗanɗana.

Tun kafin azumi ta sayi tikitin jirgin ƙasa guda ɗaya, ta yi shiru da bakinta. Sannan ta shiga neman otal, wallahi kamar mai zaɓen kayan aure. Da ƙafarta ta je ta duba guda biyu. Na farko sabo ne, a unguwar Senayan. Akwai ɗakin wasan yara da masu raino cikin kayan aiki, ga wurin wankan yara da ruwansa bai wuce gwiwa ba, ga abincinsu daban. Mutum zai iya miƙa ɗansa da safe ya karɓe shi da yamma a wanke a ƙoshe. Na biyun tsoho ne, a unguwar Menteng, irin wanda ko tari mutum ya yi sai ya ji kunya. Fararen dardumai, manyan tulunan tangaran a kowace kusurwa, da wani mutum da ke kaɗa fiyano a hankali a ɗakin cin abinci.

A nan ta tsaya ta yi tambayoyi. Tagogi suna buɗuwa? Ba sa buɗuwa. Wurin ninƙaya fa? Sai da kati ake shiga. Akwai likita? Akwai, dare da rana. To madalla, don 'ya'yanta Kinan da Bimo ba su yi mata laifin komai ba.

"Ɗakin wasan yara fa?"

"Ayya, Bu, ba mu da shi," in ji matar da ke karɓar baƙi, don Bu ake kiran uwa ko babbar mace a can.

"Mai raino ko ta haya?"

"Duk za su tafi gida yin sallah."

Wening ta yi mata murmushin da ta daɗe ba ta yi wa kowa ba.

Da yamma bayan shan ruwa ta nuna wa Danu, wanda take kira Mas, wato yaya, hotunan a waya. "Mas, ni dai na Senayan na zaɓa, ya fi dacewa da yara. Wancan na Menteng na manya ne. An ce Pak Haryo ma can zai sauka da iyalinsa, amma ai ba ajinmu ba ne."

Pak Haryo shi ne shugaban kamfaninsu. Danu ya ajiye cokali. "Ba ajin wa ba? Ke dai ƙauyanci ba zai bar ki ba. Kama mana ɗaki a can, babba."

"Yara fa, Mas? Bimo bai cika shekara biyu ba, komai ya gani sai ya ja."

"Yara guda biyu ne abin tsoro? Haba!"

"To, yadda ka ce," in ji ta, ta sunkuyar da kai don kada ya ga fuskarta.

Suka tare ana jibi sallah. Washegari bayan asuba Danu ya koma gado, sai ya ji ƙarar jan zif. Ya buɗe ido ya ga Wening ta shirya tsaf, da 'yar jaka a hannu.

"Ina za ki da sassafe?"

"Solo."

Ya yi dariya. Da ya ga ba ta yi ba, ya tashi zaune. "Wasa kike yi? Yaran fa?"

"Ga ubansu. Kunzugun Bimo na cikin durowa, kada ka ba Kinan jatan lande, yana sa mata ƙaiƙayi. Sauran kuwa da hannu ɗaya za ka yi, ai ka faɗa."

"Wening! In kika fita ƙofar nan..."

"Rage murya, Mas. A nan ba a ihu."

Ta durƙusa ta sumbaci Bimo yana barci. Ta raɗa wa Kinan, mai shekara huɗu, cewa za ta je gaida kaka ta dawo, ta kuma ce mata duk abin da take so ta tambayi Baba. A cikin lif hawaye ya zubo mata, don ba ta taɓa kwana nesa da su ba. Amma ta share fuska ta fita, ba ta waiwaya ba.

Jirgi bai bar Jakarta ba waya ta fara ruri. Da farko zagi ne da barazana. Kafin azahar ya koma tambaya: ta wane gefe ake ɗaura kunzugu, me ya sa Bimo ke ihu alhali ya ci abinci, Kinan ta zana gida da jan bakin da ta tsinta a kan farar darduma, da me ake gogewa? Abin da ya shafi lafiyar yara Wening ta amsa masa. Na darduma kuwa ta ce ya tambayi mai fiyano. Ta jingina da taga tana kallon gonakin shinkafa suna wucewa, tana jin daɗi ƙwarai, kuma ko kaɗan ba ta ji kunyar jin daɗin ba.

Bayan magariba, tana zaune a ɗakin girkin uwarta, Bu Sumarni, suna yanka ketupat, wato dunƙulen shinkafar sallah da ake dafawa cikin ganyen kwakwa, Danu ya sake kira. Muryarsa ta dushe. Wai ya sauko da yaran shan ruwa, ya je gaida Pak Haryo, Bimo ya kama mayafin teburin ya ja. Miyar kaza duk a jikin matar shugaban. Kinan kuma ta faɗa wa kowa da ƙarfi cewa Mama ta gudu saboda Baba. Manaja ya zo cikin ladabi ya ce daga yanzu za a riƙa kai musu abinci ɗaki.

"Ko ruwa ban sha ba har yanzu, Dik."

"Yaran sun ci?"

"Sun ci."

"To alhamdu lillahi," in ji ta, ta kashe.

Bu Sumarni ta ji komai, ta ci gaba da yankanta. Mace ce da duk unguwa ta san ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, don haka Wening ta kwana da fargabar za a ce ta koma.

Da aka sauko daga idi, tsohuwar ta zauna a falo, kujerar mijinta a gefe ba kowa a kai. Wening ta taho a kan gwiwoyinta tun daga bakin ƙofa, ta kifa goshi a cinyar uwarta. Kalmomin da ta tanada duk suka gudu, sai kuka. "Bu, ki yafe mini. Bapak, mahaifina, ya kira ni ban zo ba."

Tsohuwar ta shafa kanta. "Na yafe, Nduk, 'yata. Shi ma bai riƙe ki ba, ya san ba ke ba ce."

Suna cikin haka waya ta yi ƙara a kan tabarma. Kafin Wening ta miƙa hannu, Bu Sumarni ta ɗauka. Ana jiyo kukan Bimo daga ciki, da muryar Danu da bai san wa ya ɗauka ba.

"Dik, yau sallah ce, kowa yana yafe wa kowa. Na yi kuskure. Ki yafe mini na fili da na ɓoye, don Allah ki dawo yau."

"Danu, ni ce," in ji tsohuwar a hankali.

"Bu! Barka da sallah, Bu. Ni ma ki yafe..."

"Ni ba ni ce ka hana ganin 'yata a sallar ƙarshe ba. Wanda ka yi wa laifi yana maƙabartar bayan masallaci. Bara ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna a kujerar nan tun safe har la'asar, duk motar da ta tsaya sai ya ce a duba ko ku ne. Ka ɗauko mini jikokina ka zo, ka je can ka durƙusa. Wening ba za ta taka Jakarta ba sai ka yi."

"Bu, ba tikiti ko ɗaya, direba ya tafi, hanya kuma ta cika. Ni kaɗai da yara biyu a mota?"

"E, hanya ta cika," in ji Bu Sumarni. "Shi ma haka aka gaya masa."

Ta kashe wayar, ta kifa ta a kan kujerar marigayin, ta ce wa Wening ta tashi ta zuba musu abinci.